Daga Manchesta zuwa Gangare: yadda muke jinyar sugan Auta

Yaya, ina gaisuwa. Ina gaida Inna da ƙafarta, da duk mutanen gida. Kin daɗe kina ƙorafin cewa in kin tambayi jikin Auta daga "da sauƙi" ba na ƙara komai, ga shi matan da muka saba haɗuwa da su a layin asibiti suna tare ki da tambaya, wai da gaske ne a Ingila kyauta ake ba da insulin, allurar masu ciwon suga, wai akwai abin da ake manna wa yaro ya huta da allura. Yau babansu yana aikin dare, yara sun yi barci. Bari in zauna in warware miki zare da abawa, ki karanta musu.

Ke shaida ce a kan yadda abin ya faro a Jos a daminar 2021. Yarinya 'yar shekara biyar da ta daɗe da daina fitsarin kwance ta dawo tana yi, tana shan ruwa kamar raƙumi, tana ci tana ramewa. Mai kemis ya ce maleriya, muka sha magani. Wani ƙaramin asibiti suka ce taifod, muka sha. Sai daren da numfashinta ya koma sama-sama, bakinta na wani ƙamshi kamar na ayabar da ta nuna ta wuce, muka kwashe ta a Keke zuwa babban asibiti. Wata likita matashiya, Allah Ya saka mata da alheri, ta huda mata yatsa ta ɗiga jinin a mita, mitar ta kasa ba da lamba saboda tsabar hawan suga. Kwana tara muka yi a ɗakin yara. Kin tuna takardun da ake miƙo mana, a sayo ruwan ƙari, a sayo sirinji, a sayo insulin, da yadda babansu ya zaga kemis-kemis daga Terminus har titin Bauchi cikin ruwan sama kafin ya samu kwalba ɗaya.

To a nan, zancen kyautar gaskiya ne. Ranar da na fara zuwa karɓar maganinta a kemis ɗin unguwarmu, aka miƙo mini leda cike da biron insulin, allurai, sitirif na gwaji da kwandon zuba allurar da aka gama da ita. Na tsaya riƙe da katin banki ina jiran a faɗi kuɗi. Matar ta dube ni ta ce babu komai. Har na kai bakin ƙofa na sake komawa na tambaya, don tsoron kada a ce na fita da kaya ban biya ba. A Ingila yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba ya biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta, mai ciwon suga da ke kan magani kuwa ko ya tsufa ba ya biya.

Sai dai ki gaya musu kyautar tana da tushe. Daga albashi ake zare ta tun kafin ya shigo hannu. Baƙo kuma akwai kuɗin lafiya da yake biya tare da biza: tun watan Fabrairun 2024 fam 1,035 ne a shekara ga babba, fam 776 ga yaro ko ɗalibi, kuma na dukkan shekarun bizar ake biya a dunƙule. Mu mun tsira da wannan ne saboda babansu nas ne, bizar ma'aikatan lafiya ba a ɗora mata shi. Akwai kuma tallafin kuɗi da gwamnati ke ba iyayen yara masu lalura irin wannan, amma bizarmu ta haramta mana taɓa shi. Abin da aka ɗauke mana a kemis, kuɗin haya da na ɗumama gida suna karɓe shi da riba.

Abin da ake mannawa kuma sensa ake ce masa. Faɗinsa kusan na murfin kwalbar lemo ne, ana kafa shi a bayan dantse, yana aika lambar sugan zuwa waya dare da rana, in ya yi ƙasa ko ya hau sai waya ta yi ƙara. Irin wanda aka fara ba Auta kwana 14 yake yi a canza. Tun 2022 hukumar da ke tsara ka'idojin magani a nan, NICE, ta ce a ba da sensar ga duk yaro mai suga nau'i na ɗaya, wato irin na Auta, a ƙarshen 2023 kuma ta amince da famfon insulin da ke magana da sensar, ya ƙara ko ya rage da kansa. Bara layi ya zo kanmu. Yarinyar da ake yi wa allura huɗu zuwa biyar a rana yanzu sau ɗaya a kwana uku ake canza mata wurin da siririn bututun ya shiga fata. Ranar farko da na kwana har asuba ban tashi na huda mata yatsa ba, da na farka sai da gabana ya faɗi, na ruga ɗakinta na sa hannu a hancinta. Amma kada kowa ya ɗauka warkewa ce. Sassan jikin da ke yin insulin sun daina aiki, kuma har yau babu ƙasar da ta iya tayar da su. Famfo ma bai san abin da ta ci ba sai mun gaya masa.

A nan ne zan daɗe, Yaya, don shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu. Da na zo, kayan ne suka cika mini ido. Yanzu da na kwana biyu, na gane abin da ya fi canza rayuwarmu shi ne an zaunar da ni an koya mini. Shekara kusan biyu na yi ina yi wa 'yata allura a Jos, safe da yamma, da insulin ɗin nan mai gauraye mai kama da ruwan nono, ban san dalilin rabin abin da nake yi ba. A nan aka haɗa mu da wata nas da ba ta da wani aiki sai yara masu suga. Har gida ta zo, ta cire takalmi a ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta zauna a kafet ta ce in nuna mata inda nake yi wa Auta allura. Ta shafa cinyar yarinyar, ta kama hannuna ta ɗora a kan wani kumburi mai tauri kamar ƙullin kitse. Ta ce yawan soka wuri ɗaya ne ya kawo shi, kuma insulin da aka zuba a cikinsa ba ya shiga jini daidai. Ni kuwa can nake zaɓa da gangan, don Auta ta ce nan ne ba ya mata zafi. Ashe duk hawa da saukar da ke hana ni barci, da hannuna nake taimaka masa. Na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba.

Sai batun abinci. Masaniyar abincin asibitin ta kawo littafi mai hotunan burodi da taliya da dankali, kowanne da lissafin sitacin da ke cikinsa, don da wannan lissafin ake auna insulin na kowane ci. Na ce mata mu tuwo muke ci. Ba ta taɓa jin sunansa ba. Maimakon ta ce mu daina, sai ta ce in yi bayanin yadda ake tuƙa shi. Da ta ji wani da tauri wani da ruwa-ruwa, ta ce to a auna garin tun yana busasshe, a raba lissafin da yawan malmalar da ta fito. Haka nake yi har yau. Ƙaramin sikeli yana kan teburin kicin kusa da muciya, ga littafina da na rubuta na tuwon shinkafa, na masara, na acca, na faten dankali, na masa guda ɗaya. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci wajen giram 30. Kunu da fura su ne masu wuyar sha'ani, don da gudu suke hawa. A Jos kullum cewa ake kada ta ci wannan kada ta ci wancan, har yarinya ta koma satar alewa a ɓoye. Yanzu tana cin abin da 'yan'uwanta ke ci, lissafi kawai muke yi.

Duk wannan ba ya buƙatar fam ko biza, shi ya sa nake so ki karanta musu wannan wurin a hankali. Su duba kwalbar insulin da sirinjinsu, in kwalba ta ce U-100, wato lambar ƙarfin insulin ɗin, to sirinji ma ya zama U-100. Wanda ya ɗebi U-100 da sirinjin U-40 ya ba yaro ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Su riƙa zagaya wurin allura, ciki, cinya, ɗuwawu. Ranar da yaro ke zazzaɓi ko amai ya ƙi abinci, kada a dakatar da insulin da ka, don a irin ranar ne jiki ke tara gubar da ta kusa tafiya da Auta, sai a yawaita gwaji, a yawaita ba shi ruwa, a nemi likita da wuri. In suga ya sauka ƙasa da 70, ko 4 a mitar da ke lissafi irin na nan (da 18 ake ninkawa ko a raba tsakanin biyun), yaro na rawar jiki da gumi, a ba shi ƙwayar sukari biyu ko uku ko rabin kofin lemo, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi. Zogale da shuwaka kuma a ci su a miya, amma ba sa maye gurbin allura ko da na kwana ɗaya.

Ban ga laifin likitocinmu na gida ba. Mutum ɗaya, layi har bakin ƙofa, ina zai samu awa guda ya zauna da uwa ɗaya? Kuma ina sane, abin yana ci mini rai, cewa babansu yana cikin ma'aikatan jinyar da suka baro wannan layin suka taho nan.

Makaranta ma da bambanci. Dokar 2014 ta wajabta wa makarantun Ingila kula da ɗalibi mai lalura, don haka an rubuta wa Auta takardar tsari, an koya wa malamai biyu abin yi. Kin tuna malamar nan ta Jos da ta hana ta fita fitsari har ta jiƙa kayanta a aji.

Yanzu bari in faɗi wanda ba na faɗa a waya don kada Inna ta ji. A hunturun da ya wuce amai da gudawa suka kama Auta, aka kwantar da mu kwana uku. Ɗaki tsaf, gadon uwa a gefe, babu wanda ya aike ni sayen ko auduga, abincin halal ana kawowa a kan lokaci. Amma kwana ukun nan babu mahaluƙin da ya turo ƙofa ya ce mini sannu, ya mai jiki. Babansu yana can yana raba kansa tsakanin aiki da sauran yaran biyu, don a nan ba a barin yara wa maƙwabta haka kawai. Ƙarfe uku na dare na zauna ina kallon ruwan ƙari yana ɗiga, sai ɗakin yaran nan na Jos ya faɗo mini. Ke a kan tabarma a ƙarƙashin gado kina cewa in runtsa ke za ki duba ta. Inna da kular gwate tun da sassafe. Matan Islamiyya da suka yi karo-karo suka ƙulle kuɗi a gefen zani suka tura mini ƙarƙashin filo. Matar gado na kusa, 'yar Bukuru, ba addininmu ɗaya ba, da ta riƙe mini Auta na je na yi sallah. Nan akwai lambar da zan kira kowane lokaci nas ta ɗauka, kuma ta sha cetonmu, amma ba za ta karɓe ni in yi barcin awa biyu ba. Shekara uku ke nan babu daren da wani ya karɓe ni in ban da babansu.

Masu cewa in aiko da insulin ko sensa, ki ba su haƙuri. Na Auta a ƙirge ake ba mu, da sunanta, ba halal ba ne in karkatar. Insulin kuma ba ya jure tafiya a kaya, sanyin firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace. Sensa guda ta mako biyu ce, in ta ƙare an koma gidan jiya, gara kuɗinta ya tafi a sitirif. Na san yadda magani ya yi tsada tun da aka saki naira a 2023, ga kamfanoni irin su Sanofi sun daina kawo kaya da kansu sun bar wa dillalai. Wanda bai yi rajistar inshorar lafiya ta jiha ba, PLASCHEMA, ya je ya tambaya ya ji abin da take ɗauka. Wanda ba shi da firji ko wuta ba ta zama a unguwarsu, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo a 2000, tana riƙe kwalbar da aka buɗe da sanyi, balle a gari irin Jos. A sa kwalbar a leda kada ruwa ya taɓa ta, kuma in ta kai wata guda da buɗewa a canza.

Zan turo ɗan abin da ya samu ƙarshen wata, ki raba wa mata ukun nan na sitirif. Matar Rikkos da kika ce ɗanta yana yawan suma da safe, ki je gidanta gobe in Allah Ya kai mu, ki ɗauko mini hoton kwalbarta da sirinjinta, kuma ta koma wa likita da littafin gwajinsa kada ta jira ranar da aka ba ta. In mai zuwan nan ya tabbata, a sako mini acca da kuka da daddawa. Auta ta ce a gaya wa Inna yanzu ita ke danna lissafin tuwonta da kanta.