Faifan Kondrashin na 1958: Italiya da Sifaniya a kunnen Rashawa

Wata uku ke nan da na sayi wannan faifan CD na kamfanin RCA, wanda Kirill Kondrashin, jagoran makaɗa ɗan Rasha, ya jagoranci makaɗansa a 1958, kuma har yau bai koma cikin kwalinsa ba.

Capriccio Italien ne ya fara kama ni. Tchaikovsky, marubucin kiɗa ɗan Rasha, ya rubuta shi a 1880 bayan zamansa a birnin Rum, inda yake jin busar begilar sojoji daga barikin da ke kusa da masaukinsa. Da wannan busar kiɗan ya buɗe. Ranar farko da na saka shi bayan isha'i, sai da tsigar jikina ta tashi. Daga nan kiɗa ya yi ta zafi har ya ƙare da tarantella, rawar kudancin Italiya mai saurin gaske.

Sai Capriccio espagnol na Rimsky-Korsakov, shi ma ɗan Rasha, na 1887, da ya gina kan waƙoƙin gargajiyar Sifaniya. Mai gogen da ke kiɗa shi kaɗai a nan gwani ne, wallahi.

Shawarata, kada ku saurara da ƙaramar lasifika. Da na sa abin kunne ne na ji ƙarar 'yan katakan nan da ake kaɗawa da yatsu a fandango, rawar Sifaniya da ta rufe Capriccio espagnol.