Shanu ko tumaki: nawa hekta ashirin a kan dutse za ta ɗauka?

Malam, ka ce kana da hekta 20 a wajen Gembu, a kan tsaunin Mambila: shida shimfiɗaɗɗe kusa da rafi, goma gangara, huɗu kuma duwatsu ne, kana tambayar shanu nawa ko tumaki nawa za ka zuba. Ciyawar watan Agusta ba ita ake tambaya ba. A Mambila damina doguwa ce, ko'ina kore shar, amma abin da zai rage a ƙasa a watan Fabrairu shi ke yanke adadin.

Fara da awo. A ƙarshen damina ka haɗa sanda huɗu, mita ɗaya kowace, ka ajiye a wurare kamar goma, a sama da tsakiya da gindin gangara. Yanke ciyawar da ke ciki, shanya ta har ta bushe ƙayau, ka auna. Matsakaicin giram ɗin da ka samu, ninka shi sau goma, shi ne kilo a hekta. Mu ɗauka ka sami giram 300, wato kilo 3,000. Kashi ɗaya cikin uku kaɗai za ka lissafa a matsayin abinci, kilo 1,000. Sauran na takawa ne da gara da wuta, da wanda dole a bar wa ƙasa ta rufe jikinta.

Dabba tana cin busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinta a rana. Saniya mai kilo 300 tana cin kilo bakwai da rabi, kusan 2,700 a shekara. Tunkiya 'Yankasa mai kilo 35 zuwa 40 tana cin kusan kilo ɗaya, a ce 365. Saniya ɗaya ke nan daidai da tumaki bakwai.

Sai dai dutse ba ya raba musu daidai. Saniya tana da nauyi, ba ta son hawa, ta fi zama kusa da ruwa. Don haka ga shanu a lissafa shimfiɗaɗɗen duka (6,000), gangarar a rage mata kashi 30 cikin ɗari (7,000), duwatsun kuwa babu komai. Jimilla 13,000, bai cika shanu biyar ba. Tumaki suna hawa, suna tsintar abin da ke tsakanin duwatsu, sai a ba su shimfiɗaɗɗen da gangarar duka da kamar 1,000 daga duwatsun: 17,000, tumaki 46 a takarda. Kada ka zuba 46. Cikin tunkiya wata biyar ne, kafin shekara ta zagayo 'ya'ya sun shiga ci. Mata 35 da rago ɗaya ya fi kusa da gaskiya.

Yadda suke ci ma daban ne. Saniya da harshe take naɗo doguwar ciyawa, tana barin gindi, amma kofatonta ke ɓata gangara: idan ƙasa ta jiƙe tana zamewa, hanyar da suke bi zuwa mashaya ta zama magudana, daga nan sai kwazazzabo. Tunkiya ba ta fasa ƙasa, amma tana datse ciyawa har ƙasa, tana zaɓen mai daɗi. Idan suka yi yawa, ciyawar kirki ta ƙare, mai tauri da ba a ci ta mamaye wurin, kuma dawo da ciyawar kirkin yana da wuya.

Ruwa: saniya lita 30 zuwa 40 a rana da rani, tunkiya uku zuwa biyar. Idan rafinka yana ƙafewa, wannan kaɗai ya isa ya rage shanun.

Ta fuskar cuta, tumaki ne suka fi shan wuya a wuri mai laima: tsutsar ciki da ruɓewar kofato, ga tari idan garke ba shi da rufi. Shanu kuma kaska da kirci. Ciwon hanta na fadama bai bar kowa ba, don haka a killace wurin da ruwa ke kwanciya.

Shawarata a haɗa su: shanu uku da tumaki ashirin, abincinsu kusan kilo 15,400 daga cikin 17,000 ɗin, akwai ɗan rara. Shanu su fara shiga su rage doguwar ciyawa, tumaki su biyo baya, kuma yawancin tsutsar da ke kashe tumaki ba ta kama manyan shanu sosai, saboda haka haɗin yana rage ta a fili. Raba filin gida huɗu, a fitar da dabbobi idan ciyawa ta sauko tsawon tafin hannu, a bar wurin ya huta mako huɗu zuwa shida da damina.

Idan ka ga haƙarƙarin saniya ya fito tun Janairu, ko ƙasa tsirara tsakanin tushen ciyawa, sun yi yawa. Sayar da raguna da shanun da suka tsufa tun suna da nama. Ƙarin kai ɗaya kuwa sai ka tanadi ciyawar da ka yanka ka adana, da dusa, na wata uku aƙalla.