Hattara da masu cewa sai an fasa bango kafin a gyara bawul ɗin shawa

Jama'a, akwai wata damfara da ta yi yawa a aikin famfo, kuma mu da ke cikin sana'ar ba za mu ja bakinmu mu yi shiru ba, don sunanmu ake ɓatawa. Shawa za ta fara ɗiga, ko ruwan zafi ya ƙi gauraya da na sanyi, maigida ya kira mai gyara. Mutumin zai shigo banɗaki, ya ƙwanƙwasa tayil da ɗan yatsa, ya girgiza kai, ya ce bawul, wato abin da ke cikin bango mai buɗe ruwa da rufe shi da gauraya na zafi da na sanyi, ya mutu gaba ɗaya, sai an fasa bango an sa sabo. Ko hannun famfon bai kwance ba, amma har ya yanke hukunci, ya nemi kuɗin kaya tun kafin a fara aiki.

Abin da ba ya son ku sani shi ne, an ƙera bawul ɗin shawa ne yadda za a gyara shi ta gaba. Gangar jikinsa ta tagulla ce, tana zaune a cikin bango shekara da shekaru ba ta cinyewa. Abin da ke lalacewa shi ne katirij, wato ɗan abin nan da ke zaune a bayan hannu, tare da zobban robarsa. A tsofaffin famfuna masu murɗawa sau da yawa kuwa, washar roba ce kawai ke cinyewa.

Ribar ɗan damfara ta fuska uku ce. Ya karɓi kuɗin bawul mai kyau ya sayo jabu, ya karɓi ladan fasa bango da mayar da tayil, sannan ya jefa tsohon bawul ɗinku a jaka da sunan zai zubar. Wannan tsohon lafiyarsa ƙalau. Sabon katirij zai sa masa ya sayar wa wani, ko ya kai shi wurin masu sayen tagulla a kan sikeli. Akwai kuma mai ƙaramar dabara: ya cire katirij ɗinku, ya ce zai je kasuwa, ya wanke shi ya shafa masa mai, ya dawo da shi a cikin kwali a matsayin sabo. Kwana kaɗan ɗigar ta dawo. Shi ya sa tun kafin ya fita, ku sa wa tsohon katirij alama da alƙalamin maka, kuma ku ce za ku riƙe shi a hannunku idan sabo ya zo.

Yanzu ga yadda ake gane ainihin matsalar. Idan an rufe shawa ta ci gaba da ɗiga na minti ɗaya ko biyu sannan ta tsaya, babu abin da ya lalace, ragowar ruwan da ke kan shawar ne ke sauka. Ɗigar da ba ta tsayawa dare da rana ita ce ke nuna katirij. A cikinsa akwai fayafayan tangaran guda biyu masu santsi da ke goga juna, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su ruwa ya samu hanya. Idan ruwa na fitowa ta ƙarƙashin hannu ne lokacin da aka buɗe, zoben roba ne ya bushe ko notin da ke danne katirij ya saki. Idan ƙarfin ruwa ya ragu, ku fara kwance kan shawar ku buɗe famfo. In ruwa ya fito da ƙarfi, ramukan kan shawar ne suka toshe da farin dattin ruwa, sai a jiƙa shi cikin ruwan khal na 'yan awoyi a goge da tsohon buroshin haƙori. Wasu bawul ɗin suna da ƙananan sukurori biyu a gefe da ake rufe ruwa da su. Mugun mai gyara kan murɗa su rabi yayin "dubawa", ruwa ya koma siriri, sai ya ce ai kun gani da idonku. Ku duba a buɗe suke.

Canza katirij aiki ne na ƙasa da awa ɗaya. A rufe ruwa daga babban makunni, a kashe hita, a buɗe shawa ragowar ruwa ya tsiyaye, a toshe magudanar ƙasa da tsumma don kada sukuru ya faɗa. A ƙarƙashin ɗan maɓallin nan mai launin ja da shuɗi da ke jikin hannu akwai ƙaramin sukuru, galibi alanki mai milimita 2.5 ke kwance shi. Hannu ya fita, a warware murfin ado da hannu, a sa sifana a kwance babban noti, a zaro katirij a miƙe ba tare da lanƙwasawa ba. Kafin a sa sabo, a ɗan buɗe ruwa na daƙiƙoƙi kaɗan ya wanko yashin da ke cikin fayif, in ba haka ba sabon ma zai karce tun ranar farko. A ƙasan katirij akwai 'yan ƙusoshi biyu da ke shiga ramukansu, dole su zauna daidai kafin a ɗaure noti. A shafa wa robobin giris na silikon kawai. Giris ɗin mota ko man shafawa na fetur yana kumbura irin wannan roba. Noti kuma a ɗaure shi daidai gwargwado, matsewa da ƙarfi na fasa gidan katirij ko ta sa hannu ya yi tauri.

Masu tallar "katirij mai shiga kowane famfo" a Facebook da WhatsApp su ma a yi hattara da su. Babu irin wannan abu. Waɗanda aka fi samu faɗinsu milimita 35 ne ko 40, akwai kuma na 25, wasu gindinsu shafe ne, wasu suna da ƙafafu. Ku auna naku, ko ku ɗora tsohon kusa da sabon ku gwada tsawo da ramuka uku na ƙasa. Wasu na jabu maimakon tangaran, roba ce mai tauri a ciki, ruwan zafi na lanƙwasa ta.

Bawul mai daidaita zafi da kansa, wanda ke da maɓallin tsaro a kan digiri 38, ya fi buƙatar kulawa. Idan ruwansa na juyawa daga zafi zuwa sanyi, a fara wanke 'yan ragar tace datti da ke bakin shigar ruwa, a duba ƙananan bawul masu hana ruwa komawa baya, a tabbatar fayif ɗin zafi na hagu, na sanyi na dama. Haɗa su a juye kaɗai ya isa ya hana shi aiki. Wanda ya ce zai cire abin tsaron don ruwa ya "fi gudu", ku hana shi. Ruwa mai zafin digiri 60 na sale fatar yaro cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Ba mu ce ba a taɓa fasa bango ba. Ana fasawa idan gangar jikin ta tsage ko mahaɗar fayif na yoyo a ciki, amma da shaida. Ku rufe duk famfunan gida, ku duba mitar ruwa, ko ku sa alama a tanki da dare ku duba da safe. In ruwa bai ragu ba, fayif ɗin da ke kawo wa bawul ruwa ba ya yoyo. Bangon da ke jiƙewa lokacin wanka kaɗai, sau da yawa ruwa ne ke bi ta gefen farantin adon da ke kewaye da hannu ko ta tsakanin tayil, ko mahaɗar wuyan shawa da ke son sabon farin tef. A cire farantin a haska tocila, a buɗe ruwa, wurin yoyon zai nuna kansa.

Idan har ta tabbata sai an sa sabon bawul, ku duba shi kafin siminti ya rufe shi. Jabun ana zuba shi ne da tutiya, wato ƙarfen zinc, a lulluɓe shi da ƙyalli, wani ma a shafa wa bakinsa launin rawaya. Maganaɗisu ba zai raba muku gardama ba, domin ba ya kama tagulla, ba ya kama tutiya. Nauyi ma ba abin dogaro ba ne, ana cusa wa jabun wani abu ya yi nauyi. Ku sa zarto ko bakin sukudireba ku ɗan karci cikin bakin bawul inda ake murɗa fayif ya shiga. Tagulla rawaya ce har ciki, tutiya kuwa fari-fari ce mai ruwan toka, kuma ita ce ke rubewa ta tsage a cikin bango. Ku nemi rasit mai ɗauke da sunan kamfani da lambar samfurin, ku ajiye kwalin, don da wannan lambar za ku nemi katirij ɗinsa nan gaba. A bar ramin a buɗe da ruwa a cikin fayif na tsawon yini guda, a shafa busasshiyar takarda a kowace mahaɗa, sai an ga ta fito a bushe sannan a mayar da tayil a biya cikon kuɗi.