Tiyon mai na aune a tsohuwar Marsandi: yadda aikin ya kasance a Ƙofar Ruwa

Jama'a masu riƙe da tsofaffin motoci musamman 'yan Kwatano, wannan bayanin naku ne. Motata Marsandi ce 230E wadda ake ce wa bi-but, ƙirar 1990, inji lafiya lau giya lafiya lau, amma fayif ɗin mai da ya bi ta ƙarƙashinta daga baya zuwa inji tsatsa ta cinye shi. Kuma ba daminarmu ce ta jawo ba, daga can ta zo da ciwonta, don a Turai gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi ne yake maƙalewa a ƙasan mota yana cin ƙarfe a hankali. Inda ya fi ci kuwa wajen kilif ɗin da ke riƙe fayif ne, nan laka ke taruwa ta riƙe danshi, sai ka ga fayif daga nesa kamar garau, kana ɗaga kilif ɗin ka tarar ya zama gari.

Alamar farko warin fetur ne in motar ta kwana a gareji, sai kuma jiƙa-jiƙa a ƙasa wajen tayar baya. Da tsadar man nan tun da aka cire tallafi a 2023 wa zai yarda ko ɗigo ya zuba a ƙasa, balle kuma maganar gobara.

Sabon fayif na kamfani dai ba a maganarsa, sai an yi oda an jira. Na Belgium kuma da aka nuna min a kasuwa shi ma daga irin waccan ƙasar gishirin ya fito, tsatsar ce dai aka goge aka shafa baƙin mai. Shi ne bakanikena ya ce mu je wajen masu matse tiyo, irin waɗanda ke yi wa tarakta da katafila tiyon haidirolik, akwai su nan Kano wajen Ƙofar Ruwa. Ba zan faɗi sunan shagon ba don akwai inda zan ɗan taɓa su.

Abin da ya fara burge ni, mai shagon bai kama yanka tiyo ba sai da ya tambaya, Alhaji kafireto ce ko injekta? Wallahi wannan tambayar ita ce rabin aikin. Motar kafireto man nata a hankali yake tafiya, ƙarfinsa bai kai bar ɗaya ba (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turin mai), amma wannan Marsandin mai injekta samfurin KE-Jetronic famfonta na tura mai da ƙarfin da ya haura bar 5, in ka sa mata tiyon da ake sa wa janareto ko Golf mai kafireto to kumbura zai yi ya fashe, kuma ba ɗiga zai yi ba feshi zai yi. Ya ɗauko nadin tiyon ya nuna min rubutun jikinsa, SAE J30 R9, ya ce wannan shi ne na injekta, R7 na ƙaramin ƙarfi ne. Don Allah ku riƙa karanta rubutun nan da idonku. Tiyon da babu rubutu ko kaɗan a jikinsa ku bar musu kayansu, na ruwan lagireto kuwa kar ma a fara, fetur na taɓa shi yake laushi ya kumbura.

Yadda suka yi aikin shi ne, aka hau da motar kan rami, aka cire kan batir, aka tsiyaye man tanki a jarka, sannan aka kwance tsohon fayif ɗin gaba ɗaya, mai kai mai da mai dawo da shi tanki. Da shi aka yi awo. Kawunan ƙarfen da ke wajen famfo da filta, waɗanda ake ɗaurewa da noti mai huji a ciki, bai yar da su ba, ya wanke ya duba zaren, masu kyau ya maida su a sabon tiyo ya sa a injin matsewa ya danne su da zobe. Wannan matsin shi ne bambancin aikinsu da na bakin titi, inda za a yanke wurin da ya ruɓe a cusa guntun tiyo a ɗaure da kilif mai sukuru, wani ma da waya. Kilif mai sukurun nan cin roba yake yi, in ka matsa da yawa ya yanka, in ka sassauta ya yi yoyo. Wasun kuma fayif ɗin jan ƙarfe na firiji suke sawa, yana da kyan gani ranar farko, amma girgizar hanya na sa shi taurare ya tsage.

Kafin a ɗaura sai da ya toshe bakin kowanne ya hura iskar kwamfireso ya tsoma a bokitin ruwa, babu kumfa ko ɗaya. Ya kuma sa sababbin washa na jan ƙarfe ba tare da na roƙa ba. A nan kam na ba shi maki cikakke.

To sai inda muka ɗan yi ka-ce-na-ce. Tiyo ya fi fayif kauri, don haka ba ya shiga kilif ɗin kamfani, yaran shagon kawai sai suka kama ɗaure shi da 'yar igiyar robar nan a jikin fayif ɗin birki. Na ce Oga wannan fa ba zai yiwu ba, gogayya za ta huda ɗaya a cikinsu kuma duk wanda ya huje ba daɗi. Da farko ya ce ai haka ake yi wa kowa, da na dage dai ya aika aka sayo kilif mai roba a ciki aka ɗaure shi a jikin bodi tazara-tazara, aka kuma janye shi daga kusa da salansa. Kuɗin kilif ɗin ni na biya daban, wanda a ganina tun farko ya kamata a sa shi a lissafi. Sannan wuri ne da ake aiki da fetur a buɗe amma ban ga abin kashe gobara ko ɗaya ba, sai nawa na cikin but na fito da shi na ajiye a gefe, ga mai walda ba nisa yana ta tartsatsi. Wannan sakaci ne, a gyara.

Kuɗin aikin ba arha ba ne, ya ninka abin da na bakin titi ya ce zai karɓa nesa ba kusa ba, amma bai kai na odar sabo ba, kuma a yini guda na ɗauki motata. Tun daga nan na je Zariya da ita na je Katsina, warin fetur ya ɗauke, ƙasan gareji a bushe, har tashin safe ya fi sauƙi tunda mai ba ya zurarewa cikin dare.

Amma gaskiya ɗaya, roba roba ce. Zafin garin nan da ƙura ba za su bar ta ta yi shekarun da ƙarfe ya yi ba, don haka duk lokacin juyen baƙin mai sai in sa a leƙa a lanƙwasa ta a ga ko ta fara tsatstsagewa. Wanda zai iya samun fayif ɗin ƙarfe mai kyau a lanƙwasa masa a doguwar tafiyar ƙarƙashin mota, a sa tiyo a ƙarshe da ƙarshe kawai, nasa ya fi nawa. Kuma tunda an riga an hau rami a duba fayif ɗin birki, hanya ɗaya suka bi da na mai kuma gishiri ɗaya suka sha, nawa an tarar ɗaya na baya ya fara, shi kam ƙarfe aka maida don ba a sa masa irin wannan tiyon.

Zan koma wajensu kuma zan tura mutum, da sharaɗin ya tsaya a kan aikinsa har a gama ɗaurewa, don maigidan ya san matsi sosai, yaran ne ke son gamawa da wuri.