Furannin Bazara a Landan: Na Kuɗi da Na Kyauta

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali, ga bayanin da kuka nema a kan lambun Kew, wanda na ce muku na yanki katin shiga na shekara guda dominsa, kuka yi mamakin a ce mutum ya biya kuɗi don kallon fure.

Lambun yana kudu maso yammacin Landan, a bakin kogin Thames. An kafa shi a 1759, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. A lokacin zafi tikitin babban mutum ya haura fam 20, amma masu karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit fam 1 kacal suke biya. Da farko na ga tsadar, domin a wurin shaƙatawa na Regent's Park akwai lambun Sarauniya Mary mai itacen wardi kusan 12,000, kuma ko sisi ba a biya. In dai wardi kaɗai mutum yake son gani, to ya tafi can a makonni biyun farko na Yuni, babu abin da zai rasa.

Sai da na yi ta komawa Kew na gane cewa abin da ake sayar wa mutum shi ne tsarin lokaci. Na je farkon Yuni na tarar wardin da ke bayan babban ɗakin gilashin dabino ya buɗe gaba ɗaya, ƙamshi har bakin hanya. Da na koma bayan mako biyar yawancinsa ya kaɗe, amma dogon layin furannin nan mai tsawon mita 320, wanda aka buɗe a 2016, ya ɗauka, domin an jera tsirran ne yadda wani yana yaushi wani yana toho har cikin Satumba. Na tsaya ina kallon wata ma'aikaciya tana bin wardi da almakashi tana datse duk furen da ya bushe tana jefawa a bokiti. Dalilin aikin shi ne, idan aka bar busasshen fure, itacen zai mayar da ƙarfinsa ga yin iri, idan kuwa aka cire shi, sai ya sake hudowa. Wannan ne ya sa ake samun zagaye na biyu a ƙarshen Agusta, ko da yake bai kai na farko yawa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙaton badon Kudancin Amurka. Ganyensa kamar faifai yake mai ɗagaggen baki, kuma nau'in da masanan Kew suka tabbatar sabo ne a 2022, wato na ƙasar Bolibiya, yakan kai faɗin mita 3 a ƙasarsa. Furensa dare biyu kawai yake yi: daren farko ya buɗe fari fat, na biyu ya koma ja-ja, daga nan ya nutse cikin ruwa. Tun da yake da almuru yake buɗewa, mai ziyarar rana yakan tarar da shi a tsuke. Sau uku ina zuwa ɗakin gilashin da ake renon badon, ga zafi ga danshi har gilashin idona yana yin hazo, kafin na dace da ɗaya da bai gama rufewa ba da safe. Mai tikitin yini guda sai dai ya yi fatan sa'a.

Furen kanti kuwa wani lissafi ne daban. A manyan kantuna ana samun damin wardi kowane wata na shekara da 'yan fam kaɗan, domin yawancinsa daga Kenya ko ta kasuwar Holan ake kawo shi cikin sanyi. Yana da kyan gani, yana yin kamar mako guda a ruwa, sai dai kusan ba shi da ƙamshi, saboda an zaɓi irinsa ne don jure doguwar tafiya.

Duk da wannan tsari, yanayi yana iya rushe lissafin. A Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40 a karon farko a tarihin Birtaniya, ciyawa ta ƙone, furanni suka yi saurin kaɗewa, Kew kuma ta bayyana cewa ta yi asarar bishiyoyi sama da 400 sakamakon farin da aka yi a shekarar. Saboda haka nakan duba shafinsu na intanet in ga abin da ya buɗe kafin in hau jirgin ƙasa. Idan Allah ya nufa zuwanku ya tabbata, ku daidaita shi da tsakiyar Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, mu fara da na kyautar da safe, mu ƙarasa a Kew da yamma.