Jika 150 na biya don a taya ni neman I-20, ga abin da na gani

Tun da na sa hoton I-20, takardar da ake neman bizar karatu a Amurka da ita, a WhatsApp abokai ke tambayata wane ofishi ne ya "fitar" mini da ita. Sunan ofishin ba zan faɗa ba. Yana nan cikin Yamai, a bene, saman wani shagon sayar da wayoyi. Amma tambayar ma da gyara: babu ofishin da ke fitar da I-20 a Nijar. Jami'ar da ta karɓe ka a Amurka ce kaɗai ke ba da ita. Wani ma'aikacinta da gwamnatin can ta amince da shi ne ke shigar da sunanka cikin rajistar ɗaliban waje da ake kira SEVIS, ya sa hannu, ya turo maka. Ni ma ban san haka ba ranar da na ƙirga jika 150 na ajiye kan teburin Mushe, wato mai ofishin, cikin Janairun 2023.

Ni ɗan Tahoua ne, na yi lisans a fannin noma a jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda. Wata jami'a a tsakiyar Amurka ta karɓe ni karatun masta, har ta rage mini kuɗin makaranta. Da wasiƙar karɓa ta zo na ɗauka an gama, sai haɗa kaya. Ashe da sauran rina a kaba. Ba a neman bizar ɗalibi ta F-1 da wasiƙar karɓa kawai, sai da I-20. Shafi 3 ce. A saman shafin farko akwai lambarka, harafin N da lambobi 10, sai suna, ƙasar haihuwa, fannin karatu, ranar farawa. Daga ƙasa kuma lissafi ne gida biyu: abin da shekara guda za ta ci, kuɗin makaranta da ci da kwana, da kuma inda kuɗin za su fito. In gida biyun nan ba su yi daidai ba, jami'a ba ta sa hannu.

Gaskiya ɗaya ce, a wajen takardun makaranta mutanen ofishin sun yi aiki. Su suka kai difloma da takardun maki wurin mai fassara da kotu ta rantsar, cikin kwana 4 aka gama. Madam ɗin da ke zaune bakin ƙofa, wadda a ganina ita ce ofishin gaba ɗaya, ita ta ce a haɗa da ɗan bayani kan yadda ake ba da maki a wurinmu. Mu nan wanda ya samu 13 bisa 20 gwarzo ne, sai an yi masa barka. Ba'amurke kuwa in ya mayar da shi bisa 100 sai ya ga 65, ya ɗauka da ƙyar ka tsallake. Ita ce kuma ta hana ni rubuta ranar haihuwa yadda muka saba, domin su wata suke fara sawa kafin rana. Cikin zafin Afrilu, ga azumi, ga ɗauke wuta, su da injin wuta da intanet mai ƙarfi. Wanda ya taɓa zama sibar yana jiran takarda guda ta hau har wuta ta tafi ya san darajar wannan.

Maganar kuɗi ce ta kai ni Tahoua sau biyu, kilomita sama da 500 kowace tafiya, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Kawuna ne ya ɗauki nauyin abin da ya rage. Alhaji mai hali ne, kowa ya sani a unguwa, amma dukiyarsa ba ta kwana banki. Albasa ce cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, da shanu a daji, da bashi a hannun mutanensa na Abijan da Akara. Jami'a kuwa ba ta san rudu ba. Takardar banki take so mai hatimi, ta kwanan nan, da wata takarda da mai ɗaukar nauyin zai sa hannu cewa ya yarda.

Na zauna gabansa bayan sallar asham na yi bayani. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, wato in kwashi kuɗi in kai su su kwanta, a watan da albasa ta fi araha?"

Na ce, "Haka suka ce, Kawu."

"Su ba su san kasuwa ba ne?"

Ban da amsa. Maris da Afrilu ne ake cire albasa a Galmi da kewaye, lokacin ne mai kuɗi ke saye ya ajiye, ya jira ta yi tsada bayan damina. Abin da na roƙe shi ke nan ya bari. Ya bari kuwa, Allah ya saka masa. Abin da ya ba ni haushi shi ne, da Mushe ya gaya mini wannan tun Janairu, da mun tara kuɗin sannu a hankali. Sai da jami'a ta nema sannan ya ce ai dama an san da haka.

A nan ne Mushe ya ja ni gefe ya rage murya. "Ƙanena, in Alhaji ya ga da wuya, akwai hanya. Muna da mai zuba kuɗi a asusunka na mako biyu, a ciro takarda, ya kwashe abinsa. Ɗan kaso kawai za ka ba shi." Na ce a'a. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba, lissafi na yi. Dokar Amurka ta ce wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza ana iya rufe masa ƙofa har abada. Ko ba a kama ka ba ma, ka sauka can aljihu wayam, ɗalibi ba ya wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu, shi ma cikin harabar jami'a. Wannan ba zai biya kuɗin makaranta ba. Daga ranar nan na fara kallon ofishin da wani ido.

Takardar I-20 ta iso ta imel farkon Mayu. Yanzu ba sai an jira ta jirgi ba, bugawa kake yi ka sa hannu da biro a ƙasan shafin farko. Mushe ya buga ta mai launi, ya sa cikin leda, ya ɗaga sama kamar shi ya haife ta, aka yi hoto. Ya ce ya duba, komai lafiya. Muka zauna biyan kuɗin SEVIS, dala 350, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wajen jika 210 ke nan a canjin lokacin. Madam ta shigar da lambata, shafin ya ƙi ba mu hanyar biya da kati. Ta sake, ya ƙi. Mushe ya ce intanet ne. Ni kuwa na zaro takardar daga leda na bi ta layi layi da yatsa. Ƙasar haihuwa: NIGERIA. Ƙasar da kake ɗanta: NIGERIA.

Gumi ya keto mini. Wani can ya ga Niger cikin jerin ƙasashe, hannunsa ya zame layi guda. A lokacin, 'yan Najeriya da Gana da Kamaru da Kenya da Gambiya ba a karɓar katinsu a wannan biyan, sai ta Western Union ko takardar kuɗi, shi ya sa shafin ya toshe. Da bai toshe ba, da haka zan ɗauki takarda mai cewa ni ɗan Najeriya ne, da fasfon Nijar a hannu, in tsaya gaban mai tambaya. Kuskuren na jami'a ne, na yarda. To amma wa na biya jika 150 don ya duba?

Mushe ya ce gyara sabon aiki ne, in kawo jika 25. Na yi masa kallo guda na fita. A daren nan na rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar da Turancina na koyo, layi 5, na haɗa da hoton fasfo. Awa 6 ke tsakaninmu, sai bayan azahar ɗinmu suke buɗewa. Bayan kwana 2 sabuwa ta zo da ban haƙuri, lambar SEVIS ɗin ba ta canja ba, ko dala ba su karɓa ba. Na koma wurin Madam muka biya da kati, ya wuce nan take. Fom ɗin neman biza, DS-160, ni na cika da hannuna, tana gefe tana nuna mini. Ita ta ce in hanzarta biyan kuɗin biza, na biya dala 160, ranar 17 ga Yuni ya koma 185.

Daga baya na ji cewa cibiyar Amurka da ke nan Yamai a lokacin tana da masu ba da shawara kan karatu a Amurka, na shirin EducationUSA, kyauta, kuma duk wannan bayani suna yin sa. In an ce in yi wa ofishin kuɗi, fassara da injin wuta da kati da haƙurin Madam sun kai jika 60. Sauran 90 ɗin kuɗin kujerar Mushe ne da sanyin ɗakinsa. Wanda ba ya jin Turanci sosai, ko ba shi da katin banki, zai amfana da su, amma ya yi ciniki aiki aiki, kada ya biya a dunƙule, kuma in an zo maganar zuba kuɗin aro ya tashi.

A lokacin da nake wannan rubutu, cikin 2023, saura mako guda in shiga hira a ofishin jakadancin Amurka. Ko an ba ni biza, ba a shiga Amurka sai saura kwana 30 a fara karatu, saboda haka sai cikin watan Agusta nake sa ran tafiya. Takardar na cikin jakar leda ƙarƙashin katifa, na karanta ta ya fi sau 20. Kawu ya kira ni ranar Babbar Sallah, bayan gaisuwa ya ce buhun albasa ya fara tashi a Galmi, shi kuwa rudunsa biyu babu kome ciki. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tambaya ko na sayi rigar sanyi.