Jitar da za ta kama muryar tsakani: wacce ya kamata ka saya?

Duk wanda ya taɓa bin kiɗan Larabawa ko na Turkawa da jita ya san inda take gazawa. Kana cikin tafiya sai ka iso wata murya da babu ita: ka danna wannan gida ta yi ƙasa, ka matsa na gaba ta yi sama. Ba laifin yatsunka ba ne. Ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita sun raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida, alhali maƙamai, wato tsare-tsaren muryoyi na kiɗan Larabawa da Turkawa, irin su Bayati da Rast, waɗanda kunnenmu ya saba ji a bakin makaranta Alƙur'ani na Masar, suna sauka ne a tsakanin gidajen. Mai goge ko gurmi ba ya wannan kuka, don kayansa ba su da ƙarfe ko ɗaya. Inda kunne ya ce, nan yatsa ke tsayawa.

To, kafin ka fitar da ko sisi, tambayi kanka: muryoyi nawa ne suka ɓace maka? Ga yawancin mutane, muryoyi biyu ne ko uku, kuma amsar ita za ta zaɓa maka hanya.

Mafi arha ita ce ƙananan ƙarafuna na liƙawa. Guntun ƙarfe ne da ake mannawa da tef mai gam fuska biyu a ƙarƙashin tsirkiya ɗaya ko biyu, daidai inda kake bukata. In bai yi ba ka ɓamɓare ka matsar. Aibinsa shi ne zafi da gumi suna sassauta gam, kuma in guntun ya fi maƙwabtansa tudu ko kaɗan tsirkiya za ta riƙa zuza. Duk da haka nan nake so kowa ya fara, a kan jita ta hannu mai tsirkiyar leda, ba a kan wadda yake ji da ita ba.

Sai ƙara ƙarafuna na dindindin, inda mai gyara zai tsaga wuyan da zarto ya dasa sababbi. A nan lissafi ba ya yafiya. A jitar da tsawon tsirkiyarta milimita 650 ne, ƙarfen farko yana wajen milimita 36.5 daga kai, na rabin gida kuwa wajen 18.5. Bayan ƙarfe na 12 gida ɗaya wajen milimita 18 ne ko ƙasa da haka, in ka raba shi biyu ya koma tara, yatsan babban mutum ba zai zauna ciki ba. Shi ya sa ban ga amfanin a cika wuyan duka da gida 24 ba. Ƙungiyar King Gizzard ta Ostireliya, wadda ta sa samari da yawa sha'awar abin tun 2017, ƙarafuna 'yan kaɗan ta ƙara a wuraren da take so. Na taɓa ba wani kafinta irin wannan aiki, gwani ne a kujera da gado, ya kauce da milimita biyu, muryar ta fito ba ta Larabawa ba, ba ta Turawa ba, tsagar kuma ba ta gogewa. Nemi wanda jita ce sana'arsa. In taka mai lantarki ce irin ƙirar Fender da ake ɗaure wuyanta da kusoshi huɗu, sayi wuya na biyu a yi aikin a kansa, na asali ya huta a ajiye.

Akwai masu cewa a cire ƙarafunan gaba ɗaya a huta. Haka Erkan Ogur na Turkiyya ya yi a 1976, haka makaɗin Amurka Jaco Pastorius ya yi wa jitarsa ta bes, ya shafe wuyan da gam mai tauri don kada tsirkiya ta ci katakon. Wannan ita ta fi kusa da gurmi, ina kuma sonta ƙwarai, don tana ba da damar zamewa daga murya zuwa murya kamar mawaƙi. Sai dai ka sani amonta gajere ne, musamman a siraran tsirkiyoyi, danna muryoyi huɗu lokaci guda kowacce ta zauna daidai kuwa aikin shekaru ne. In kiɗanka na raka waƙa ne, ba taka ba ce.

Ta manya ita ce jitar da Tolgahan Cogulu, malami a Jami'ar Fasaha ta Istanbul, ya ƙera a 2008, ta kuma ci gasar Guthman ta sababbin kayan kiɗa a Amurka a 2014. Ƙarƙashin kowace tsirkiya akwai kwalbati, ana tura ƙananan ƙarafuna sama ko ƙasa a ciki, a ƙara ko a rage. Amfaninta na gaske ne, domin muryar tsakani ba wuri ɗaya take ba: ta Alƙahira daban, ta Istanbul daban, Turkawa ma sukan raba cikakken taki, wato gida biyu na jita, kashi tara ne. Amma tana da tsada, sai an yi odarta daga waje, sauya saiti kuma yana cin lokaci. Ta mai nazari ce da wanda kiɗan ya zama abincinsa.

Wani lokaci ma ba jita kake nema ba. Ud, molon Larabawa, ba shi da ƙarfe tun asali, saz na Turkawa kuma gidajensa zaren leda ne da aka naɗe a wuya, ana turawa da babban yatsa. In maƙami zalla kake so, ɗayansu zai fi kai ka da sauri.

Kowacce ka zaɓa, tafi da manhajar saiti a wayarka mai nuna kaucewar murya, ka gwada gida-gida a gaban mai kayan. Ka kuma shafa gefen wuyan da tafin hannu: hunturu na busar da katako har bakin ƙarafuna ya ɓullo, in ka ji kaifi a goge maka da magagari kafin ka biya.